Auren Canji a Ajame

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wani dattijo mutumin Tsibiri, kusa da Maraɗi, bai yarda da wannan magana ba sai da ya je Abijan, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kwaddibuwa. A ganinsa, wanda ya sha zuwa Kano, ya san Kantin Kwari da Sabon Gari, ya kwana Yamai ba sau ɗaya ba, babu birnin da zai ruɗa shi. Ga shi kuma mutum ne mai lissafi. Yana da ɗan littafi a aljihun gaba inda yake rubuta duk abin da ya shiga hannunsa da abin da ya fita. Ba ya cin bashi, ba ya kuma barin nasa a hannun kowa.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai shi ba. Ƙanwarsa ce take kwance ba lafiya, ɗanta na fari kuwa ya yi shekara shida a Abijan yana sayar da abinci. Da can yana aiko da kuɗi kowane wata, yana buga waya ran Lahadi. Sai aka wayi gari wayarsa a kashe, har wata bakwai babu labari. Uwar ta ce wa wanta, “Yaya, ni ba kuɗinsa nake so ba. In ji muryarsa kawai, in san yana da rai.” To, zumunta a ƙafa take. A watan Maris na 2024 dattijon ya hau mota, ya bi ta Yamai da Wagadugu da Bobo da Buwake, har ya sauka wajen wani ɗan garinsu a unguwar Abobo, can arewacin Abijan. Abin da ya riƙe na adireshi bai wuce wata tsohuwar takarda ba, an rubuta “Tireshbil”, sai lamba 16 a gefe.

Kafin mai karatu ya bi shi cikin gari, ya kamata ya san yadda garin yake zaune. Abijan birni ne da ruwa ya yanyanka. Wani babban tafki mai suna Ebriye, wanda yake haɗe da teku, ya ratsa tsakiyarsa. Da Faransawa suka mai da shi babban birni a 1934, sai suka ɗauki tudun da ke tsakiya, wato Filato (ba Filaton Jos ba), suka gina ofisoshinsu da gidajensu. Baƙar fata ma'aikata aka ajiye su gefe biyu: Ajame a arewa, Tireshbil a kudu, a kan tsibiri, ƙetaren ruwa. Yau mutanen Abijan sun haura miliyan 5 bisa ƙidayar 2021, amma tsarin nan na dā bai gushe ba. Wanda zai tashi daga Ajame zuwa Tireshbil sai ya bi ta gefen Filato ya hau gada. Tsakaninsu bai kai kilomita 10 ba, amma tafiyar takan ci rabin safiya.

Gari na wayewa mai masaukinsa ya raka shi bakin titi, ya ce, “Malam, ka hau gbaka zuwa Ajame, daga can ka nemi motar Tireshbil. Amma ka shiga da canji.” Dattijon ya ji maganar farko, ya yi watsi da ta ƙarshe.

Gbaka ƙaramar bas ce mai ɗaukar mutum ashirin ko fiye. Direba ba ya magana da kowa, mulkin motar duk yana hannun yaron mota, wanda can ake kira aparanti. Shi ba ya zama. Yana rataye a ƙofa da hannu ɗaya, rabin jikinsa a waje, yana kiran sunan tasha kamar mai shela. In ya buga jikin motar sau ɗaya ta tsaya, in ya buga sau biyu ta tashi, ko da ƙafar fasinja ɗaya tana ƙasa. Takardun kuɗi suna naɗe tsakanin yatsunsa, ƙwandaloli suna cikin aljihu. Duk inda motar ta tsaya ɗaukar mutane, sai wani ƙato ya fito ya miƙa hannu, yaron ya jefa masa kuɗi ba gardama. Su ne 'yan kamashon garin, ana ce musu nyamboro. Ba su tuƙi, ba su gyara, amma ba a ɗaukar fasinja a wurinsu kyauta.

Yaron motar yana sanye da rigar ƙwallo mai ruwan lemo. Wata guda ke nan da Kwaddibuwa ta ci Nijeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka, ran 11 ga Fabrairu, kuma garin bai gama murna ba. Da ya ga hula da babbar riga sai ya washe baki, ya ɗaga yatsa biyu a hannu ɗaya, ɗaya a ɗayan. Dattijon ya haɗa ɗan Faransancin da ya samu a firamare ya ce shi mutumin Nijar ne. Yaron ya ce duk ɗaya ne. Mota ta ɗauki dariya.

Sai aka zo karɓar kuɗi. A ƙasashen sefa da dala ake ƙirge: dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1,000. Kuɗin mota ran nan dala hamsin ne, wato sefa 250. Dattijon ya zaro sabuwar takardar jika ya miƙa. Yaron ya dube ta kamar an miƙa masa kunama, ya yi wata doguwar magana da ba a fahimta ba, ya karɓa. Dattijon ya zauna yana jiran canjinsa, sefa 750. Aka wuce tasha ɗaya, aka wuce biyu, shiru. Ya taɓa yaron, yaron ya yi masa alamar ya dakata.

Da suka iso Ajame mutane suka fara dirowa tun motar ba ta gama tsayawa ba. Yaron ya kamo hannun rigar dattijon, ya kamo wata mata mai ƙiba da ta ɗauko ƙunshin atamfa, ya tsai da su gefe guda. Ya zaro takardar jika, ita dai wadda dattijon ya ba shi, ya danƙa wa matar. Ya nuna dattijon ya ce 750, ya nuna matar ya ce 250, ya tafa hannu, ya buga jikin mota sau biyu. Kafin dattijon ya buɗe baki, gbaka ta ɓace cikin hayaƙi.

Ashe haka ake yi. In babu canji, yaron mota yakan haɗa fasinja biyu ko uku a kan takarda ɗaya, su je su raba da kansu. Mutanen garin suna ce wa abin haɗawa. Dattijon kuwa daga baya auren canji ya riƙa kiransa, domin a cewarsa ba a tambayi ra'ayinsa ba, ba a tambayi na matar ba, an ɗaura kawai, maɗaurin kuma ya gudu.

Matar ta soke takardar a bakin zani, ta ɗora ƙunshinta a ka, ta ce, “Aboki,” ta yi masa alama ya biyo ta. Wannan ce kalmar Hausa da kusan kowa ya sani a Abijan. Zuciyarsa ta ce masa an gama da shi. Kashi uku cikin huɗu na kuɗin nan nasa ne, ga shi a jikin matar da bai san sunanta ba, bai san yarenta ba, a tsakiyar kasuwar da ba a ganin ƙarshenta. Ya sa ido a kan ɗankwalinta, ya bi ta kamar raƙumi da akala.

An ce a harshen Ebriye, mutanen da suka fara zama wurin, ma'anar Ajame ita ce mahaɗa. Sunan ya dace. Masu kwana a unguwar sun ɗan haura dubu 300, amma da rana sai ka ce duk ƙasar ce ta zo. Nan manyan tashoshin mota suke, masu zuwa cikin ƙasa da masu zuwa Mali da Burkina da Nijar. Nan babbar kasuwar Forum take, nan kuma kasuwar wayoyi da ake kira Black Market. A kan babban titin Nangui Abrogoua, inda babban masallacin unguwar yake, ba a san inda titi ya ƙare kasuwa ta soma ba. Masu kaya sun cinye gefen titi, masu tafiya a ƙasa sun cinye rabin titi, motoci suna rabon abin da ya saura da hon. A wani lungu ya ga maza tsaye cirko-cirko gaban mai jarida, hannu a baya, suna karanta kanun labarai suna gardama, babu mai saye. Har suna aka yi musu a garin, wai masana kanu.

Matar ta tsaya wajen mai ruwan leda, babu canji. Mai gyaɗa ta ce babu. Mai sayar da katin waya ya ce ko an sayi abu babu. Wani mai lemo ya tausaya musu ya fito da ƙwandaloli, amma matar ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta mayar masa: ta goge, ba a ganin rubutunta, ba wanda zai karɓa. Ya kawo ƙwandalar 250, ta girgiza kai, wai ita ma mutane suna ƙin ta. Dattijon ya riƙe baki. Kuɗi ne na gwamnati, iri ɗaya da wanda ake kashewa a Maraɗi, amma a nan sai an duba lafiyarsa kamar akuyar saye.

Rana ta fara zafi, sai ya tuna abin da ya kawo shi. Ya zaro takardar adireshin ya nuna mata. Ta karanta, ta dube shi, ta buga ƙirji ta ce, “Tireshbil!” Ashe ita ma can za ta, atamfar nan ta wata mai shago ce a kasuwar Tireshbil. Ta ja shi zuwa inda ƙananan motoci suke lodi.

Ba a yarda gbaka ta shiga Filato ba, saboda haka mai ƙetarawa kudu sai ya nemi bas ɗin SOTRA, kamfanin da ke jigilar mutanen birnin tun 1960, ko tasi mai mita mai ruwan lemo, ko kuwa woro-woro. Woro-woro tasi ce ta haɗaka. Waɗanda ke yawo cikin unguwa ɗaya kowace da launinta: na Kokodi rawaya, na Yofugon shuɗi, na Kumasi da Markori kore. Sunan daga harshen Jula ya fito, inda woro take nufin shida, domin a farkon zamaninta kuɗin shiga dala shida ne, sefa 30. Sunan ya tsaya inda yake, kuɗin ya yi gaba. Ran nan sefa 500 aka ce kowane mutum. Matar ta kwance bakin zani ta miƙa jikar nan, ta nuna kanta ta nuna dattijon. Ya yi lissafi da sauri: nasa 750, an cire 500, saura 250 a wajenta. Auren bai mutu ba.

Ba su yi nisa ba suka faɗa cikin cunkoso. Motoci suka tsaya cik, masu talla suka shigo tsakaninsu da goge-goge da cajar waya da soyayyar ayaba. Dattijon ya yi tsaki ya ce da kansa, “Wannan gari, ko jaki ya fi mota sauri.” Sai wani saurayi da ke gaba ya waiwayo ya ce, “Sannu Baba, daga ina?” Ɗan Tawa ne, yana da shagon kayan waya a Ajame, za shi tashar jiragen ruwa ne ya fito da kayansa. Jin Hausa a wurin ya yi wa dattijon daɗi kamar ruwan sanyi.

Saurayin ya ce, “Baba, ai yanzu da sauƙi. Shekara da shekaru gada biyu ce kawai ta haɗa arewa da kudu: ta Houphouët-Boigny, wadda aka gama a 1957, jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashinta, da ta De Gaulle ta 1967. Sai a 2014 aka buɗe ta uku, ita kuma sai ka biya. Ta huɗu da ta biyar kamfanonin ƙasar Sin ne suka gina su. Ka san abin dariya? Ta biyar aka fara buɗewa, a watan Agusta na 2023, ta huɗu sai a Janairun 2024. Ƙanwa ta riga yayarta ɗakin miji.” Direba ya tambayi abin da ake dariya, aka fassara masa, shi ma ya dara.

Da suka hau gada, saurayin ya nuna masa jiragen fasinja da kwale-kwale masu inji suna ratsa tafkin ba abin da ya tare su, da wani babban gini a bakin ruwa, gidan al'adu, wanda shi ma 'yan Sin suka gina aka buɗe a 1999. Dattijon ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa ƙasar tasu. Ya ce sau huɗu, birnin Guangzhou yake zuwa sari.

“To, can ma haka ake fama?”

“Kowane gari da irin haukarsa, Baba. Can tun 2007 aka hana babur mai mai shiga cikin birni, sai mutane suka koma kekuna masu lantarki. Ba su da ƙara ko kaɗan. Kana tafiya a gefen titi, ba ka ji komai ba, sai ka ga mutum ya wuce ta hammatarka da kwali goma a baya. A nan hon ke kashe maka kunne, can shiru ke neman karya maka ƙafa. Mota kuwa, ko kana da kuɗin saye, lambar da za ka saka mata sai an yi ƙuri'a ko gwanjo. Canji kuma can ma babu. Kowa da waya yake biya, har mai dafaffen ƙwai. Na taɓa miƙa wa wata tsohuwa takardar kuɗi, ta zaga maƙwabtanta kaf ba ta samo canji ba.”

“To, sai aka haɗa ka da wa?”

“Ba kowa. Na ajiye mata kayanta na tafi da yunwata.”

Dattijon ya ba shi labarin yadda aka yi masa, ya roƙe shi ya tambayi matar yaushe za ta biya shi. Saurayin ya yi mata magana, ta amsa da tsawo tana nuna takardar adireshin. Ya ce, “Baba, ta ce ita Bawule ce, kuma a gidansu ba a barin tsoho a titi da rabin adireshi. Titunan Tireshbil a jere suke kamar gidan dara. Na tsaye ana ce musu abeni, na kwance ana ce musu ru, kowanne da lambarsa. Sai an haɗa lamba biyu ake samun gida, kai kuwa ɗaya ka zo da ita. Ta ce wace sana'a yaron yake yi?” Da aka ce mata garba yake sayarwa sai ta tafa hannu, ta ce an gama.

Garba abincin talakan Abijan ne: aceke, wato garin rogo da aka turara kamar dambu, da soyayyen kifin tuna, da yankakken barkono da albasa. An ce daga sunan Hausawan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi abincin ya samo sunansa. Leburori da 'yan makaranta da ma'aikatan ofis duk suna tsayawa a rumfa ɗaya su ci da hannu. Masu sayarwa kuwa sun san junansu, domin wuri ɗaya suke sayen kifi.

Saurayin ya yi musu sallama ya wuce. Matar ta kai atamfa inda aka aike ta, ta dawo, suka kama Abeni 16 suna bin rumfunan garba ɗaya bayan ɗaya. Ita ke gaba tana buɗe hanya, shi ke tambaya da Hausa. Na farko bai san yaron ba. Na biyu ya ce ya san shi amma ya daɗe bai gan shi ba. Na uku ya yi shiru, sa'an nan ya nuna wani lungu da haɓa.

A bayan wata rumfa suka same shi, tsugune gaban kasko yana juya kifi, ya rame. Da ya ɗaga kai ya ga hular, sai matsamin ya faɗi daga hannunsa. Ya ce, “Kawu!” Bai ƙara cewa komai ba. A hankali maganar ta fito. Ciwo ya kwantar da shi wata biyu, jarin ya tafi wajen magani, rumfar ta koma hannun wani, wayar kuma an zare ta daga aljihunsa cikin turmutsitsin shiga mota. Yanzu ɗan aiki ne a rumfar wani. Ya san lambar gida da ka, amma kunya ta hana shi bugawa hannu wofi.

Dattijon ya yi niyyar faɗa tun daga Tsibiri, ya ma shirya kalmomin. Sai ya ce kawai, “Ɗana, uwarka ba kuɗi ta aiko ni karɓa ba.” Ya laluba tasa wayar, ashe layin Nijar ne, babu kuɗin da zai kira da shi daga nan. Matar tana tsaye tana kallonsu. Ba ta ji Hausa ba, amma ta ga abin da ke faruwa. Ta zaro wayarta ta miƙa wa yaron. Ya danna lambar da hannu yana rawa, ya juya musu baya. Daga inda suke tsaye suna jiyo muryar tsohuwar tana kiran sunansa tana maimaitawa. Sun fi minti goma suna magana.

Da aka gama, dattijon ya zaro littafinsa. Yana bin ta 250, amma kiran ƙasar waje na minti goma ya fi haka nesa, balle rabin yinin da ta ɓata. Yanzu shi ne mai bashi. Ya buɗe lalitarsa, babu komai ciki sai takardun jika. Ya zaro ɗaya ya miƙa mata da hannu biyu. Ta dubi takardar, ta dube shi, ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Yaron ya fassara: “Kawu, wai ba ta da canji.” Ya ce ta riƙe duka, ta ƙi. Abin da ta yarda da shi kawai shi ne faranti ɗaya na garba, ta ci a tsaye, ta wanke hannu, ta ce, “Aboki,” ta ɗaga masa hannu, ta shige cikin mutane.

Bayan mako guda kawu da ɗa suka kamo hanyar gida, suka iske tsohuwar da rai. Dattijon yakan ba da labarin Abijan a ƙofar gida da yamma, ya kwaikwayi yaron mota, ya kwaikwayi masana kanu, yara su yi ta dariya. Yakan ce cunkoson garin ya isa ya sa mai haƙuri ya yi zagi, kuma har gobe bai ga dalilin da zai sa a ƙi kuɗi don sun goge ba. Amma in ya zo kan yaron motar da ya haɗa shi da matar sai ya sassauta murya. Yakan ce yaron nan bai san shi ba, bai san ta ba, amma ya ɗauka cewa mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba za su raba jika ɗaya ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba, kuma haka ake yi kullum a garin, akasari a rabu lafiya. Da ya shiga da canji kamar yadda aka gargaɗe shi, da ya sauka Ajame shi kaɗai da rabin adireshi.

Biyan kuɗi ta waya yana ƙara yaɗuwa a Abijan, kuma wata rana mai yiwuwa a daina haɗa fasinja a kan takarda ɗaya. Dattijon ya ce hakan zai fi sauƙi, ba ya musu. A littafinsa dai, kowane bashi da aka biya yakan ja masa layi. Akwai guda ɗaya a shafin watan Maris na 2024 da ba a ja wa layi ba. Babu suna a wurin, babu adadi. Abin da ya rubuta shi ne: “Matar Ajame, ana bina.”